Rigar Sufaye da Gashin Tumaki

Malamai sun daɗe suna saɓani a kan asalin kalmar sufi, amma abin da Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya rinjayar shi ne daga sufu ta fito, watau gashin tumaki, domin masu zuhudu na farko sun zaɓi sanya shi ne don su saɓa wa mutanen zamaninsu da suka karkata ga tufafin alfarma. Imamu Ƙushairi kuwa tun kafinsa ya yi nuni da cewa mutanen nan ba su keɓanta da sanya shi ba. Mas'alar dai ita ce: shin tufa tana iya zama shaidar abin da ke cikin zuciya?

A kan makiyayi, lalle gashin nan shaida ne adali. Idan tunkiya ta sha yunwa ko ta yi jinya a tsakiyar shekara, silin gashinta yakan sirance daidai wurin da ya tsiro a kwanakin nan, ta yadda bayan an aske, an wanke, an tsefe, da zarar mai kaɗi ta murza mazari sai zaren ya tsinke a hannunta, asirin sakacin watannin baya ya tonu. A Masina ta ƙasar Mali, inda Fulani ke kiwon tumaki masu sufu, sai an zauna an tsince ƙarangiya da ƙaiƙayi ɗaya bayan ɗaya kafin zare ya kai ga masaƙan barguna. 

Amma a kan mai sanyawa, shaidarsa ba ta karɓuwa, kuma hujjata tana nan gida. Tumakinmu, da uda da balami da 'yanƙasa, gajeren gashi gare su wanda ba ya kaɗuwa, saboda haka sufu bai iso mu ba sai a bayan raƙuma, daga Tarabulus ta Gadamas, a matsayin mulufi da alkyabba. Abin da yake alamar faƙirci a wurin masu zuhudu na farko sai ya zama adon sarauta a Kano, bayin Allah na ƙasarmu kuwa suka yi zuhudunsu cikin farin saƙi na auduga.

An ruwaito cewa da aka gaya wa Ibn Sirin wasu sun fifita sufu don koyi da Annabi Isa, alaihis salamu, sai ya nuna shiriyar Annabinmu ta fi soyuwa gare shi, domin Annabinmu ya sanya auduga ya kuma sanya waninta. A tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, jabbar sufu ce a jikin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, hannuwanta matsattsu, har da ya zo alwala sai ta ƙarƙashinta ya fito da damatsansa ya wanke.