"Ai Ban Yi Da Gangan Ba"

Wannan magana ba ta da wuyar fita daga bakinmu. Da mun furta ta, sai mu ɗauka mun wanke kanmu. Amma masana shari'a sun raba laifi gida biyu: akwai na ganganci, akwai kuma na sakaci, wato mutum ya bar yin abin da mai hankali zai yi don kada wani ya cutu. Abin da ba laifi ba shi ne tsautsayin da babu wanda zai iya hangowa.

Dokar Musa ta riga lauyoyi sanin wannan bambanci. A Maimaitawar Shari'a sura 19, wanda ruwan gatarinsa ya fice daga ƙota ya kashe abokin aikinsa yana da birnin mafaka, gama babu ƙiyayya a zuciyarsa. Amma ku duba Fitowa 21:28-29. In sa ya soki mutum har ya mutu, mai san ba shi da alhaki. In kuwa san ya saba suka, an gargaɗi mai shi bai tsare shi ba, to, jinin yana wuyansa. Bai ɗaga hannu a kan kowa ba. Sani ya yi, ya ƙyale.

Kotunan zamaninmu ma nan suka tsaya. A 1928, a garin Paisley na ƙasar Sikotland, wata mace mai suna May Donoghue ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi cikin kwalbar abin sha, ta kamu da ciwo, ta yi ƙarar mai masana'antar. A 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta ce ƙarar tana da tushe. Mai shari'a Atkin ya ɗauko tambayar da masanin Attaura ya yi wa Yesu a Luka sura 10 game da maƙwabci, ya bayyana cewa a shari'a maƙwabcinka shi ne duk wanda ya kamata ka hango aikinka zai taɓa shi. Har yau kotunan Najeriya suna bin wannan ƙa'ida.

To, ina namu san? Uban da ya miƙa wa yaro ɗan shekara 13 makullin babur ya san shi. Direban motar ikkilisiya da ya ji birki yana gardama, ya ce a yi addu'a a kama hanya, shi ma ya san nasa. Ni ban kira wannan bangaskiya ba. Nawa kuwa rijiya ce a bayan gida, wadda murfinta ya karye tun damina. Sau uku uwargida tana yi mini magana, jikokinmu kuma suna wasa a wurin kowace Asabar. Sai da na zauna rubuta wannan shafi na aika a kira kafinta.