Ko Ya Halatta Marar Laifi Ya Gudu Daga Kurkuku?

A shekara ta 1852 gwamnatin Faransa ta soma kai fursunoninta ƙasar Giyana, can bakin teku a Amurka ta Kudu. Mutanen da aka kai sun yi wajen 70,000, na ƙarshensu kuwa ba su koma gida ba sai 1953. Ƙasa ce ta kurmi da zazzaɓi, dokarta kuma a wancan zamani mai tsanani ce. Wanda aka yanke wa ƙasa da shekara 8, in ya cika wa'adinsa, sai ya ƙara zama a ƙasar daidai yawan shekarun da ya yi. Wanda aka yanke wa shekara 8 ko fiye ba shi da komowa har ya mutu. Masu laifi suna da yawa a can, amma akwai kuma waɗanda ba su yi kome ba. In irin wannan mutum ya nemi hanyar gudu, ya yi zunubi ne? Bari mu duba mutum biyu.

Na fari shi ne Eugène Dieudonné, wani kafinta. A 1913 aka yanke masa hukuncin kisa a Faris, wai shi ya harbi masinjan banki, ko da ya ke ɗaya daga cikin 'yan fashin ya faɗa a fili cewa ba ya wurin. Aka sauya hukuncin zuwa aikin wuya har mutuwa. A 1926 ya tsere cikin kwalekwale, ya sha wahala ƙwarai kafin ya isa Birazil. Wani marubucin jarida, Albert Londres, wanda ya sadu da shi a Giyana a 1923, ya yi ta tsananta wa hukuma a kan maganarsa har aka yi masa ahuwa a 1927.

Na biyu shi ne Kyaftin Alfred Dreyfus, Bayahude, hafsan sojan Faransa. A 1894 aka ɗora masa laifin sayar wa Jamus asirin soja, aka kai shi Tsibirin Iblis a 1895. Bai taɓa gwada gudu ba. Duk da haka a 1896, sa'an da aka baza ƙarya cewa ya tsere, sai aka riƙa sa masa mari da dare makonni da dama, aka kuma kewaye bukkarsa da shinge har ya daina ganin teku. Cikin wasiƙunsa abu ɗaya ya ke roƙo, a wanke sunansa. Aka komo da shi a 1899, aka sake kayar da shi a shari'a, sa'an nan aka yi masa ahuwa. Bai huta ba sai 1906, lokacin da babbar kotu ta shaida ba shi da laifi.

Ba mu da ikon hukunta wanda ya gudu. Marmarin fita daga sarƙar da aka ɗaura bisa ƙarya ba mugun abu ba ne, gama mutumin yana ƙin yarda da ƙaryar ne. Yusufu kansa, cikin kurkukun Masar, ya roƙi mai shayar da Fir'auna ya tuna da shi domin a fishe shi. Bitrus kuma, da aka buɗe masa ƙofar kurkukun Hirudus, ya fita, bai tsaya ba.

Amma sai mu lura da iyakar abin da gudu ya ke iya yi. Yana kuɓutar da jiki, ba ya wanke suna, har waɗansu su kan ce gudun ne shaidar laifin. Ahuwa ma ba ta ce mutum bai yi laifi ba. Sau da yawa kuma wani ne ya ke biyan bashin gudun. Hirudus ya sa aka kashe masu gadin Bitrus, alhakin jininsu kuwa a wuyan Hirudus ya ke. A Filibi ƙofofi suka buɗe, amma Bulus da Sila suka zauna, yarin kurkuku da ya zare takobi zai kashe kansa ya tsira. Kashegari Bulus ya ƙi a sallame su a ɓoye, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu, domin kowa ya sani zalunci aka yi.

To, nauyin ya komo kanmu, mu da mu ke waje. Fursuna ba shi da murya a gaban alƙali, sai wanda ya tsaya masa. Kanar Picquart ya gano ainihin mai laifin a 1896, ya faɗi gaskiya, aka kore shi daga soja, aka kuma ɗaure shi. Émile Zola ya buga wasiƙarsa a jarida a 1898, aka hukunta shi, ya yi gudun hijira zuwa Ingila. Ba don irin waɗannan ba, da wuya Dreyfus ya bar tsibirin da rai.

Ku tattauna wannan a taronku. In mun san wani yana tsare bisa shaidar zur, muka yi shiru don tsoron abin da za mu rasa, wane ne mai laifi, shi da ya ke neman ƙofa, ko mu?