Kare a Mota, Yaro a Bakin Hanya

Ƴan'uwa ɗalibai, cikin zagin da muka tashi muna ji, kaɗan ne suka kai "kare" zafi. Amma daga Maraɗi har Yamai, dabbar nan ce ke kwana ido biyu a ƙofar gida muna barci. Da dare mu ci moriyarsa, da safe yara su bi shi da jifa. Tambayar da nake so mu tauna tare ita ce: dabbar da muka ɗaure rayuwarta da tamu, me take bin mu? In kuma haƙƙinta ya ci karo da na mutum, ina za mu tsaya?

Wata tafiya ce ta sa ni wannan tunani. Ran wata Asabar cikin watan Maris, Baba ya kwashe mu daga Yamai zuwa Dogon Dutsi, mu gaida Kawu, mu kuma hau duwatsun da garin ya samo suna daga gare su. Tafiya ce ta fiye da kilomita 250, ta Doso. Muna da kare ɗan Azawak, siriri mai dogayen ƙafafu, kuma gida zai kwana kulle. Inna ta ce, "Malam, kare cikin mota? Me mutane za su ce?" Baba ya ce, "In mun bar shi ɗaure, wa zai ba shi ruwa cikin zafin ga?" Aka shimfiɗa masa tsohon buhu can baya, muka kama hanya.

Da la'asar muka hau. Daga bisa jan dutsin nan kana hango gari gaba ɗaya, da gonaki, da kwarin Dallol Mawri ya miƙe har inda ido ya gaza. Baba yana ba mu labarin Lugu, inda Sarauniya ta tsaya wa sojojin Faransa a 1899. Shi ko kare hancinsa na ƙasa, yana bin sawun ƙadangaru. Ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dubi abin da ya kawo mu ba. Kallon namu ne, tarihin ma namu ne. Saboda haka kada mu ruɗi kanmu cewa yawon buɗe ido muka kai shi. Abin da yake bukata ruwa ne, da inuwa, da kada a yashe shi.

A ganina nan tushen haƙƙinsa yake. Karen daji ya san inda zai biɗi ruwa. Wanda muka ɗauko tun yana kwikwiyo, muka sa masa igiya, muka kulle ƙofa, mu ne muka yanke masa kowace hanya ban da tamu. Wanda ka hana wa nema, ciyar da shi ya hau kanka, ko kana son sa ko ba ka so. Kare kuma ba ya zufa kamar mu, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa barinsa a rana ko cikin mota rufe kan iya kashe shi.

Wani zai ce addini fa? A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kodayake ana wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai don bin umarni. An yarda a riƙe shi don farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai da dama kuma sun haɗa da gadin gida. Kowa cikinmu ya ji hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ke nan jifa da yunwar da muke gana masa, al'ada ce muka jingina wa addini.

Maganar da ta fi nauyi daga bakin Kawu ta fito. Da ya ga abin da ya diro daga mota, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, ku mutanen birni kuna ban mamaki. Mutum na tahiya a ƙasa, kare na bisa kujera." Ba wasa yake ba. A Doso da muka tsaya shan mai, ina zuba wa kare ruwa daga jarka, wani almajiri da robarsa a hannu yana tsaye yana kallo. Wannan kallo ba a kore shi da dogon Faransanci.

Amsa mai sauƙi ita ce a ce tausayi ba mudu ba ne, ba ya ƙarewa. Haka ne, amma kuɗi suna ƙarewa, kujera ma tana da iyaka. Don haka sai a raba abu biyu. Akwai haƙƙi: ruwa, abinci, inuwa, magani. Hana kare waɗannan ba zai sa loma ɗaya a robar yaron nan ba. Akwai kuma ƙawa: ka sayo wa kare nama kullum alhali mai gadinka bai karɓi kuɗin wata ba. A nan Kawu ya fi mu gaskiya. Mutum yana gaba da dabba, kuma wanda idonsa ya iya ganin ƙishirwar kare ba shi da uzurin kasa ganin yunwar yaro. In jinƙanka ya tsaya kan abin da ka mallaka kawai, son kaya ne, ba jinƙai ba.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda ba su zaɓi karenka ba. A gidan Kawu, waje ya kwana, gindin bedi, don mai gida ke da iko da tabarmarsa. Kusa da awakin mutane igiya ba ta bar wuyansa ba. Allurar rigakafin haukan kare ma hakkin maƙwabta ce, domin cutar in ta bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi.

Yanzu samari da yawa na sayen kwikwiyo don yayi, a ɗauki hoto a sa a Facebook, bayan wata uku a sake shi yana kiwon bola. Kafin ka miƙa kuɗi, tambayi kanka: ranar da za ni tafiya, wa zai ba shi ruwa? In ya ciji ɗan maƙwabci, na shirya tsayawa? In ba ka da amsa, bar shi wurin uwarsa, ka kai kuɗin inda yunwa take.