Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Waya, Hankali da Haƙƙin Wanda Ke Gabanka

Akwai gardamar da ba ta tsufa a fadojin matasa, daga Yamai har Filinge: tsakanin Android da iPhone wace ta fi? Kafin shayi na biyu ya nuna an rabu gida biyu. Wannan ya ce iPhone ba ta maƙalewa, wancan ya ce Android ta fi sakewa, kana iya buɗe abu goma a lokaci guda. Abin dariyar shi ne, in ka duba hannun masu gardamar, kusan duka Tecno ce ko itel ko Infinix, ukun nan kuwa gida ɗaya suka fito, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma duka Android ke tafiyar da su. Wato mafi yawanmu kallon kokawa muke yi daga bayan fili, muna ihu kamar mu za a ba takobi.

Ni ba alƙalancin wannan kokawa ya dame ni ba. Abin da nake son mu duba, ƴan'uwa ɗalibai, shi ne abin da ake yabo a tsakiyar gardamar, wato iya yin ayyuka da yawa a lokaci guda. Mun ɗauke shi a matsayin alheri ba tare da tambaya ba, har mun fara auna kanmu da shi. To in waya ta iya, shin mutum ya iya? In kuma bai iya ba amma ya nuna kamar ya iya, wa yake cuta?

Yadda kokawar ta faro

A shekarar 2007 kamfanin Apple ya fito da iPhone. A 2008 wayar farko mai Android ta shiga kasuwa, bayan Google ya sayi ƙaramin kamfanin da ya ƙirƙiro tsarin tun 2005. A lokacin iPhone ba ta barin manhajojin wasu kamfanoni su ci gaba da aiki a bayan fage: ka fita, sun tsaya. Masu Android suka mai da wannan abin gori, su da masu Nokia, don tsarin Symbian ya daɗe yana yin haka. Sai a 2010, da fitowar iOS 4, Apple ya buɗe ƙofar. A 2016 Android 7 ta zo da raba allo biyu, ka kalli bidiyo a sama kana rubutu a ƙasa.

A cikin wannan tsere wasu sun faɗi. Nokia ta bar Symbian ta koma Windows Phone a watan Fabrairu na 2011, Microsoft ya saye sashen wayoyinta a 2014, ƙarshe dai tsarin ya mutu. BlackBerry, wadda a da riƙe ta alama ce ta mai hannu da shuni, ita ma ta bi sahu. Ba lalacewa wayoyin suka yi ba. Masu ƙera manhajoji ne suka daina kula su. WhatsApp ya janye daga Symbian a ƙarshen Yuni 2017, daga BlackBerry a ƙarshen wannan shekarar, daga Windows Phone a ƙarshen 2019.

A wurina, ɗalibin ilimin harshe, wannan labari sananne ne. Haka harshe ke mutuwa. Ba don nahawunsa ya gaza ba, sai don masu shi sun ga cinikin kasuwa da neman aiki sun koma wani harshe, suka daina yi wa ƴaƴansu magana da shi. Kuma a nan ma, kamar can, mai ƙaramin ƙarfi ne ke biyan kuɗin. Ka ɗauki mutumin ƙauye da ɗansa ya aiko masa da waya daga bida: lafiyarta lau, batirinta na riƙe wuta, sai a wayi gari saƙon murya ya daina shigowa. Ba a shawarce shi ba, bai ma san ana faɗa ba, amma shi zai sai da ɗan akuya ya sayi wata.

Abin da waya ke yi, da abin da ba ta yi

Kowace ƙwaƙwalwa ɗaya da ke cikin waya abu ɗaya take yi a lokaci ɗaya. Tana ba wannan manhaja ɗan lokaci, ta tsallaka ga waccan, ta dawo, cikin saurin da ido ba ya gani. Wayoyin yanzu suna da irin wannan ƙwaƙwalwa huɗu ko takwas, shi ya sa aikin ke rabuwa. Sannan akwai ma'ajiyar aiki da ake kira RAM. In ta cika, Android ba ta wata-wata, sai ta kashe manhajar da ka daɗe ba ka taɓa ba don ta sami wuri. Duk mai ƙaramar waya ya san wannan: ka bar takardar darasi ka leƙa Facebook, ka dawo ka tarar ta rufe, sai ka sake neman shafin da kake.

Lura da abu ɗaya. Manhajar da aka kashe ba ta jin haushi, waya kuma ba ta ci amanar kowa ba. Mutum ba haka yake ba. Abin da muke turawa bayan fage idan mun raba hankali sau da yawa mutum ne: uwa mai ba da saƙo, aboki mai faɗin damuwarsa, malami a gaban allo.

Kuma wajen magana, ƙwaƙwalwa ɗaya gare mu, ba takwas ba. A 1953 wani masani ɗan Ingila, Colin Cherry, ya sa wa mutane magana biyu daban, ɗaya a kowane kunne, ya ce su riƙa maimaita ta kunne ɗaya. Da aka tambaye su abin da ya shiga ɗaya kunnen, ba su iya faɗa ba. Sun lura idan murya ta sauya daga ta namiji zuwa ta mace, amma da aka sauya harshen daga Ingilishi zuwa Jamusanci ba su ankara ba. Sauti ya shiga, ma'ana ba ta shiga ba. A 2009 kuma masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada ɗaliban da suka saba haɗa kafofi da yawa a lokaci guda, suka tarar sun fi sauran kasa kawar da abin da bai shafi aikinsu ba, har wajen tsallakawa daga aiki zuwa aiki an fi su.

Mu masu karanta Hausa abin ya fi shafar mu. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka fari na launi da fari na rashin ruwa, haka kuka ta miya da kuka na hawaye. In wani ya rubuto maka “ba mu da gari”, sai ka riƙe abin da ya gabata kafin ka san yunwa yake nufi ko rashin matsuguni. Mai karatu da rabin hankali shi ne ya fi saurin ɗaukar wannan a maimakon wancan.

Ai iyayenmu ma suna yi

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi. Za a ce yo ai mace a Kurfai tana daka da goyo a baya, tana waƙa, tana lura da tukunya, tun ba a haifi mai Apple ba. Dillalin shanu a kasuwar Baleyara ranar Lahadi yana yi wa wannan Zabarmanci, ya juya ga wancan da Hausa, ya amsa wa na uku da Fillanci ko Tamashek, ga lissafi a kansa. Ƙasarmu ta Dallol Bosso ba baƙuwar haɗa abubuwa ba ce.

Gaskiya ne, amma a duba da kyau. Daka aikin hannu ne da jiki ya haddace, ba ya neman kunne. Ranar da aka zo wa matar nan da magana mai nauyi, rasuwa ko batun aure, za ka ga ta jingine taɓarya ta zauna. Dillali kuma ba ya yin harshe uku a numfashi ɗaya. Yana gama magana da wannan kafin ya juya, wanda ya bari kuma ya san an bar shi, yana jiran layinsa. Babu yaudara a ciki. Abin da waya ta kawo sabo shi ne ka bar mutum ba tare da ya san ka bar shi ba. Jikinka na nan, kana “eh, eh, haka ne”, kai kuwa kana Abijan.

Amsa ta biyu ita ce waya alheri ce, kuma ban musa ba. Gidaje nawa ne a Bonkuku, Damana, Shikal ko Abala da ke jin muryar ɗansu da ke Legas ko Akara ko Aljeriya ta saƙon murya? Kuɗin da za a karɓa a Nita ko Amana, ta waya ake sanar da shi. Mu ɗalibai a Jami'ar Abdou Moumouni rabin littattafanmu a cikinta suke. Ba wanda ya ce a jefa ta rijiya. Tambayar ita ce wa ke riƙe da linzami.

Inda haƙƙi ya shigo

Hausa ta riga ta yi mana rabin aikin tunani. Kalmar “ji” ta haɗa kunne da fahimta da biyayya da abin da ke taɓa zuciya. Ka ji ƙara, ka ji Faransanci, ka ji magana, ka ji tausayi. Idan ka ce wa mutum “ina jin ka”, alkawari ka yi da ya wuce na kunne. Haka “hankali”: shi ne tunani, shi ne natsuwa, shi ne ladabi. Yaro mai hankali ba mai saurin lissafi ake nufi ba, wanda ya san ya kamata ake nufi. Harshen bai raba mai da hankali da halin kirki ba, kuma ina ganin yana da gaskiya.

Dubi gaisuwarmu. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ƙoƙari, ina ruwa in damina ce. Amsoshin sanannu ne, ba labari ake nema ba. Aikin gaisuwa shi ne ta ce na tsaya dominka, na ajiye abin da nake yi. Wanda ya durƙusa gaban kawunsa yana gaisuwa babban yatsansa na tafiya a kan allo ya faɗi kalmomin duka, amma bai gaida kowa ba. Ƙarya ce ƙarama da ba a yi da baki ba. Don haka nake ganin raba hankali, in tsakaninka da kanka ne, asara ce kawai, lokacinka ka ɓata. In akwai mutum a gabanka da ya ɗauka kana tare da shi, ya zama tauye haƙƙi.

Akwai inda abin ya wuce rashin ladabi. Kowa ya san halin tsaro da yankin Tillaberi ke ciki. Saƙon murya kan shigo: an ga wasu a hanya kaza, an ce kar a je kasuwa kaza. Mutum na tsakiyar kallon ƙwallo, ya saurari farkon saƙon, ya tura wa rukuni biyar, ya koma. Bai ji ƙarshen ba, bai tambayi ranar da aka naɗe shi ba, bai san ko na bara ne ya sake zagayowa ba. Wata ta fasa kai kayanta kasuwa, wani ya kwana bai runtsa ba, wani kuma an ambaci sunan ƙauyensu ko ƙabilarsu cikin zargi. Mai turawa bai yi niyyar sharri ba. Kawai bai ba abin minti biyu cikakku ba, minti biyun nan kuwa haƙƙin mutane ne.

Laifin wa?

Kamfanonin suna da kasonsu. Google mafi yawan kuɗinsa daga talla yake samu, talla kuwa ido take nema. Apple na sai da wayoyi, yana kuma karɓar kaso daga abin da ake saya a cikin manhajoji. Dukansu suna cin riba idan ka daɗe a kan allo, kuma ƙarar sanarwa da jan ɗigon da ke kan manhaja ba haka kawai aka sa su ba. A 2018 su biyun suka fito da abin auna lokacin da kake ɓatawa, Screen Time a iPhone, Digital Wellbeing a Android. Mai sai da barkono ya dawo yana tallar ruwan sanyi. Duk da haka wannan ya nuna sun san akwai ciwo.

Amma ba zan ɗora musu duka ba, don in na yi haka na ce mu ba mu da zaɓi ke nan, kuma muna da shi. Maɓallin kashe sanarwa yana cikin kowace waya, ta jikka talatin da ta jikka ɗari biyar. Kife waya idan babba na magana ba ya cin forfe. Sauraron saƙo har ƙarshe kafin a tura ba ya buƙatar rezo mai ƙarfi.

In kuma lalle sai mun yi gardamar wace ta fi, to mu sauya ma'auni. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Mu tambaya: wane allon rubutu ne ke ba mu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba tare da wahala ba, don kada ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata? Wanne ne zai bar Bakurfaye ya rubuta “tahi” yadda yake faɗa, ba tare da ya ja masa layi ba don Hausar littafi kaɗai ya sani? Wace waya ce za ta yi shekara biyar a hannun manomi ba a yanke mata manhaja ba? Wace ce ta fi sauƙin sa wa shiru? Waɗannan tambayoyin namu ne, amsarsu ta shafi aljihunmu da harshenmu, kuma wasu daga cikinsu mu ɗaliban harshe da na kwamfuta ne ya kamata mu zauna mu yi musu aiki.

Kafin nan, shawarata ga ƴan fada ƙarama ce. In an zuba shayi na farko, a tara wayoyin a kan tabarma, fuskarsu ƙasa, har a sha na uku. Wanda ke jiran kira mai muhimmanci ya faɗa tun farko, in ya zo ya tashi ya amsa, ya dawo. Haka dillalin Baleyara ke yi, kuma ba a taɓa cewa ya raina kowa ba.