Hukuncin Ci da Sayar da Soyayyen Dankalin Hausa na Leda

Tambaya: Ina da ɗan kanti a ƙofar gida. Cikin kayan da nake sarowa akwai soyayyen dankalin Hausa, wanda ake yankawa falle-falle a rufe shi a leda, wani na gida wani daga waje. Yarana suna tafiya da shi makaranta kusan kullum, don an ce mini ya fi na dankalin Turawa gina jiki. Sai wata maƙwabciyata ta ce duk abin da aka rubuta wa lamba mai harafin E akwai man alade a cikinsa. Shin ya halatta mu ci, kuma in ci gaba da sayarwa? Maigidana ma yana ci, alhali yana da hawan jini.

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Malama, Allah ya ƙara miki tsentseni. Ki sani asalin abinci halal ne, sai abin da dalili ya fitar. Allah ya ambaci abubuwan da ya haramta a aya ta 173 ta Suratul Baƙara: mushe, da jini, da naman alade, da abin da aka yanka don wanin Allah. Dankali tsiro ne, man gyaɗa da man ja da sauran man da ake tatsa daga tsirrai masu tsarki ne, gishiri ma haka. Saboda haka ledar da aka rubuta mata dankali, man girki na tsirrai da gishiri kawai, cinta halal ne, sayar da ita halal ne, ko a wace ƙasa aka yi ta, ko Musulmi ne ya soya ko ba Musulmi ba.

Maganar maƙwabciyarki kuwa ba daidai ba ce, kuma ya kamata a gyara mata cikin hikima. Harafin E tsari ne da ƙasashen Turai suka yi don bai wa kowane sinadarin abinci lambarsa. E300 bitamin C ne. E330 shi ne tsamin da ke cikin lemun tsami. E621 shi ne farin magi da matanmu suke jefawa a miya, ana samar da shi daga rake ko sitacin rogo da masara. Haramta wa mutane halal ba tare da ilimi ba zunubi ne, kamar yadda halatta haram yake zunubi, kuma aya ta 116 ta Suratun Nahli ta yi kashedi a kan duka biyun.

Inda ake buƙatar lura shi ne nau'in da aka barbaɗa wa garin ɗanɗano, kamar ɗanɗanon cuku ko na gasasshen nama ko na kaza. Idan kin ga an rubuta sunan alade ko kitsensa ƙarara, wato pork ko bacon ko lard, ko porc a kayan da ke shigowa ta ƙasashe masu Faransanci, ki bar shi, kada ki ci kuma kada ki sayar, don abin da cinsa ya haramta kuɗinsa ma ya haramta. Haka idan an ce akwai garin naman kaza ko na sa, kuma kayan sun fito daga ƙasar da ba a san ta da yankan Musulmi ko na Ahlul Kitabi ba, babu kuma tambarin halal: nama asalinsa hani ne har sai an san yankansa.

Akwai kuma sinadarai masu fuska biyu. E471 ana iya yin sa daga man tsirrai, ana iya yin sa daga kitsen dabba. E631 ana iya samo shi daga nama ko kifi, ana kuma samar da shi daga sitacin rogo. A nan idan ledar tana ɗauke da tambarin wata amintacciyar hukumar halal, kamar JAKIM ta Malesiya, ko an rubuta cewa masu cin ganyayyaki zalla za su iya ci, magana ta ƙare. Idan babu ko ɗaya, abin da nake rinjayarwa shi ne halacci, saboda dalilai biyu. Na farko, shakka kaɗai ba ta kawar da asali. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa wasu sun yi tambaya a kan naman da sababbin shiga Musulunci suke kawo musu, ba su sani ba ko an ambaci sunan Allah wajen yanka, sai Annabi (SAW) ya umarce su su ambaci sunan Allah su ci. Bai aike su binciken mahauta ba. Na biyu, malamai da yawa suna ganin abu idan ya rikiɗe ya koma wani abu dabam, a suna da siffa, to hukuncinsa ya canja. Wannan sananne ne a mazhabarmu ta Malikiyya: Shehu Halil ya lissafa giyar da ta rikiɗe ta zama khal cikin abubuwa masu tsarki. Wanda ya ƙaurace wa irin wannan don tsentseni ya yi kyau, amma ba shi da ikon ya ce wanda ya ci ya ci haram.

Garin cuku yana da tasa tsohuwar mas'alar. A da ana daskarar da madara ne da wani ruwa da ake cirowa daga cikin ɗan maraƙi mai shan nono. Idan maraƙin mushe ne, Malikiyya da Shafi'iyya suna ganin ruwan najasa ne, Imam Abu Hanifa kuwa yana ganin tsarkinsa, Ibn Taimiyya ma wannan ya zaɓa. (Fulaninmu sun huta da wannan saɓani, da tumfafiya suke daskarar da nono.) A yau galibin manyan masana'antu sun koma amfani da wanda ake samarwa daga ƙananan halittu, ba daga dabba ba, don haka hukuncin yana bin galibi. Ki kuma lura cewa lambar NAFDAC shaida ce ta rajista da ingancin kaya, ba shaidar halal ba ce. Ki neme ta a jikin leda, amma don abin da aka yi ta dominsa.

Sai dai ni abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne kalmar “kusan kullum”. Aya ta 168 ta Baƙara ta haɗa halal da ɗayyib, aya ta 31 ta Suratul A'araf kuma ta hana wuce iyaka a ci da sha. Gaskiya ne dankalin Hausa abinci ne mai albarka, musamman mai ciki ruwan lemo, wanda jiki yake samun bitamin A daga gare shi, abin da ke kare ganin yara da ƙarfafa garkuwar jikinsu. Saboda yaɗa wannan iri a Afirka ne masana uku na Cibiyar Binciken Dankali ta Duniya da ke Lima, wato Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low, suka shiga cikin waɗanda aka bai wa Kyautar Abinci ta Duniya a 2016. Amma mai farin ciki, wanda ya fi yawa a kasuwanninmu, bitamin A ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Kuma suya tana sauya lissafi gaba ɗaya. Dafaffen dankali giram 100 bai kai kalori 90 ba, soyayye na leda giram 100 kuwa yana kai wa wajen 500, kusan kashi ɗaya cikin ukunsa mai ne. Ruwa ya fita, mai ya maye gurbinsa. Ta wannan fuska tazararsa da na dankalin Turawa ƙanƙanuwa ce, duk da hoton ganye da gona da aka zana a ledar.

Ki juya bayan ledar ki duba da kanki. Alƙaluman da ake rubutawa sau da yawa na giram 28 ne ko 30, wato abin da bai wuce cikin tafin hannu ba, yaro kuwa idan ya buɗe babbar leda sai ya ga ƙarshenta, har ya lashe gishirin da ya maƙale a yatsunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, na yara kuma ƙasa da haka. A leda sodiyam ake rubutawa, kuma kowane miligiram 400 nasa daidai yake da giram 1 na gishiri. Ki haɗa wannan da na miyar rana da ta dare. Wasu kamfanonin har sukari suke ƙarawa. Sannan tun 2002 masana a Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci idan aka soya shi da zafi mai tsanani yana haifar da wani sinadari, akirilamaid, wanda ake kyautata zaton yana cikin masu jawo ciwon daji, kuma ya fi yawa a wanda ya yi duhu. Wannan bai kai ga haramtawa ba, don cutar ɗan abin da ake ci jefi-jefi ba ta tabbata ba, amma ya isa dalilin rage yawa da zubar da ƙonanne.

Don haka ga yara, ci lokaci-lokaci halal ne babu karhanci. Mayar da shi guzurin makaranta na kullum kuwa saɓa wa abin da ya fi ne, kuma abin da uwa take sa wa ɗanta a jaka yana cikin kiwon da za a tambaye ta. Da kuɗin leda biyu za ki iya sayen ɗanyen dankali mai auki, ki dafa ko ki gasa, ki haɗa musu da ƙuli-ƙuli ko dafaffen ƙwai.

Maigidanki hukuncinsa yana bin maganar likitansa. Idan amintaccen likita ya ce ya rage gishiri, ɗan ɗanɗanawa ba laifi, amma yawaita ci makaruhi ne a gare shi. Idan ya tabbata ko ya yi rinjaye a zatonsa cewa yana tayar masa da ciwon, to ya haramta gare shi gwargwadon abin da ke cutar da shi, bisa ƙa'idar hana cuta da cutarwa wadda Imam Malik ya kawo hadisinta a Muwaɗɗa.

Game da kanti, ki ci gaba da sayar da wanda ya kuɓuta daga abin da muka ambata. Kada ki jera shi inda rana take dukansa, don man da ke jikinsa yana saurin lalacewa ya yi wari. Wanda wa'adinsa ya ƙare ki janye shi, kada ki goge kwanan wata ko ki cusa shi cikin sababbi, wannan algus ne. Kuma idan mai saye ya tambaye ki ko yana gina jiki, ki gaya masa abin marmari ne, ba ya tsayawa a madadin abinci.

Wallahu a'alam.