Wane Ne Ɗanki A Cikin Gem?

Kin taɓa leƙa abin da ɗanki ke dannawa a waya ko kwamfuta bayan sallar isha'i? Akwai wasannin gem na duniyar tatsuniya, irin su Skyrim da ya fito a 2011, waɗanda sai mai wasa ya fara ƙera mutumin da zai zama kafin ya shiga: ya zaɓa masa fuska, ya raɗa masa suna, sannan ya ga ko jarumi zai zama, ko matsafi, ko ɓarawo. To, in ya yi fashi a can ciki, shi ne ya yi?

Kada mu yi saurin cewa haramun. Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha (RA) tana da 'yartsana, har da wani doki mai fikafikai, Manzon Allah (SAW) ya gani ya yi dariya. Mu ma ai da tashe muka tashi. Goma ga azumi yaro zai manna gemun auduga ya zama malam, a ba shi kwabo, ba mai cewa ya yi ƙarya. Wanda ya sace doki a gem bai ci haƙƙin kowa ba, balle a ce ya biya.

Amma dubi bambancin. Tashe a bainar jama'a ake yi, kaka tana kallo, gari na wayewa an cire gemu. Shi kuwa mutumin gem watanni ake yi ana rainonsa a ɗaki, kuma kullum sai wasan ya ba yaro zaɓi: ka taimaki wannan tsohuwa, ko ka ƙwace jakarta? Tsohuwar ba ta gaske ba ce, amma daɗin da yaro ya ji da ya ƙwace, wannan kam nasa ne, a ƙirjinsa yake.

Nan ne hankalina ke tashi, don mu a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, mai shiga ƙauye da makami ba tatsuniya ba ne. A 2021 har layukan waya aka toshe a Zamfara saboda 'yan bindiga. Yaron da ya kwana yana jin harbi, in ya zaɓi zama mai ƙarfin da kowa ke tsoro, wataƙila tsoronsa ne yake nema wa magani. Wataƙila kuma sha'awa ce ta fara tsiro. Daga bakin ƙofa ba za ki iya bambancewa ba.

Ƙwace waya ba zai gaya miki ba, sai dai ya koma ta abokinsa. Ki zauna kusa da shi, in dai ba lokacin salla ko karatu ya ci ba, ki ce: “Wannan naka, yaya sunansa? Me ya sa ka ba shi takobi biyu?” Sai ki yi shiru, ki bar shi ya yi ta zuba, ko da tuwo na kan wuta.