Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai

A shekarar 2003, a babban asibitin wata ƙaramar hukuma, an yi wani matashin likita da bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba. Bayan abin sauraron ƙirji, babu abin da ya fi ji da shi kamar wata 'yar kwamfutar tafin hannu, Palm IIIxe, da yayansa ya aiko masa daga Amurka. Fuskarta ba kala, cikinta megabait 8 ne kacal, da ɗan tsinke ake rubutu a kanta. Ƙananan batura biyu take ci, irin na rimot, su kai ta makonni. A ciki ya zuba ePocrates, kundin magungunan nan da aka fara raba wa likitoci kyauta a 1999, da ma'aunin magungunan yara, da sunayen masu tarin fuka da ranakun da za su dawo karɓar magani.

Ana nan sai aka tura shi taro Abuja. Can ya ga abokan karatunsa suna zaro sababbi masu fuskar kala, masu manhajar Windows, irin su iPAQ da ta fito a 2000. Wannan ya nuna hoto, wancan ya kunna waƙa. Shi kuwa kunya ta hana shi fito da tasa har aka watse.

Da ya dawo ya sami babban likitan asibitin, dattijo mai furfura, a ofis bayan zagayen safe.

"Ranka ya daɗe, shawara nake nema. Ina so in canza wannan, ta tsufa."

Dattijon ya karɓe ta, ya juya ta a hannunsa. "Me ta kasa yi maka, Likita?"

"Cikinta ya kusa cika. Ina da littafin cututtukan yara da nake so in sa, ba wuri."

"To, wannan dalili ne na gaske. Wuri kake nema ke nan. Akwai m125, ta fito tun 2001. Ita ma megabait 8 ce, amma tana da kafar sa katin ajiya. Ka zuba littattafanka a katin, ka kwafe bayananka a ciki. Batura iri ɗaya da wannan take ci, kuma duk abin da ke cikin tsohuwarka zai zauna a cikinta."

Matashin ya ɗan ɓata fuska. "Ai ita ma ba kala, ranka ya daɗe."

"Kalar me za ka yi da ita a ɗakin yara? Bari in tambaye ka. Awa nawa ake samun wuta a gidanka?"

"Wani lokaci uku, wani lokaci babu."

"In batirin mai kalar ya mutu murus, ina bayananka suke?"

Ya yi shiru. Dattijon ya ce, "Waɗannan na'urorin, kusan dukkansu, har da taka ta yanzu, da ƙarfin batir suke riƙe abin da ke cikinsu. Batir ya ƙare ƙarƙaf, komai ya goge. Taka dai in ta nuna alama, ka aiki yaro wurin mai tebur ya sayo batura. Mai kalar nan sai caji, kuma fuskarta shan wuta gare ta. Abokanka na birni suna da wuta, suna da babbar kwamfuta a tebur da suke kwafe komai a ciki kullum. Kai kana da ita?"

"Ba ni da ita."

"To, daidai ruwa daidai tsaki, ɗana."

Ya yi godiya ya fita, amma zuciyarsa ta riga ta tafi. Albashi na shigowa ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya sauka Kano ya sayo mai kala. Tsohuwar ya ba ƙanensa da ke jami'a. Nan take ya fara ganin abin da aka faɗa masa, don manhajojin Palm ba sa aiki a kan sabuwar. Mako guda ya yi yana sake shigar da sunaye da ma'aunai ɗaya bayan ɗaya.

A watan Agusta, damina ta yi nisa, sauro ya yi yawa, gadon yara ɗaya sai ka ga mutum biyu a kai. Sai taransifomar unguwar ta ƙone. Janareton asibiti ba a tayar da shi sai za a shiga tiyata, saboda tsadar dizal. Na'urar ta yi ta gargaɗi, yana cewa gobe zai nemi inda zai yi caji. Aiki ya sha kansa, goben ta zama kwana biyar.

Daren na biyar, wajen ƙarfe biyu, wata mata ta shigo a guje da yaro ɗan shekara biyu a kafaɗa. Jikinsa kamar garwashi, idanu sun kakkafe, yana jijjiga. Aka duba jini, zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani. Aka ɗora shi a sikeli, kilo 12. Likita ya zaro na'urarsa ya danna. Baƙi ƙirin. Ya sake dannawa, shiru. Ya san kwinin za a ba yaron, amma ya daɗe da barin wa na'ura riƙon lissafin, ga gajiya, ga kukan uwa. Gumi ya keto masa.

Babbar nas ɗin ɗakin, wadda ta yi shekaru a aikin tun kafin ya shiga sakandare, ta matso da tocila. Ta ciro wani ɗan littafi da ya sha hannu daga aljihunta, ta buɗe, ta yi ƙasa da murya yadda uwar ba za ta ji ba.

"Likita, na farko miligiram 20 ne a kan kowane kilo, cikin ƙarin ruwa, ya tafi a hankali tsawon awa huɗu. Daga nan 10 duk bayan awa takwas."

"Wato 240, sannan 120," in ji shi, hankalinsa ya dawo. "Hajiya, a riƙa duba sikarinsa, kwinin na saukar da shi."

Suka kwana a kan yaron. Da hantsi ya buɗe ido, kwana uku bayan nan yana shan kunu.

Ranar da wuta ta dawo ya yi caji, na'urar ta tashi fes kamar yau aka ɓare ta daga kwali. Babu suna ko ɗaya. Sati biyu suka yi shi da ma'aikacin ɗakin kati suna tono fayil-fayil, kafin su gano masu tarin fukan da ranar dawowarsu ta wuce.

Ya koma ofishin dattijon kansa a sunkuye. "Ranka ya daɗe, abin da babba ya hango..."

Dattijon ya katse shi. "Bar wannan. Na'urar ba ta yi laifi ba, mai kyau ce a wurin da ya dace da ita. Kai ne ka saya don idon abokanka, ka manta da marasa lafiyarka. Sannan ka ji wannan: abin da za ka buƙata ƙarfe biyun dare, a kanka ya kamata ya zauna."

Ya sayar da mai kalar ga wani abokinsa da ke aiki a birni, ya sayi m125 da kati. Duk Juma'a sai ya kwafe bayanansa a katin. Batura biyu ba sa rabuwa da aljihunsa, haka ma ɗan littafi irin na Hajiya. Ma'aunan magungunan gaggawa kuwa ya haddace su tsaf.

Zamani ya juya. Waɗancan na'urori sun ba wayoyin hannu wuri, kuma tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita allurar atesunet a kan kwinin ga yara masu irin wannan zazzaɓi. Amma tambayoyin dattijon suna nan daram. Ya kai likita, ya ke nas, ya ke ungozoma, kafin ku canza waya ko kwamfutar aiki, ku tambayi kanku abin da tsohuwar ta kasa yi, da yadda sabuwar za ta jure rashin wuta a inda kuke, da inda bayanan marasa lafiyarku za su kasance ranar da ta mutu. Ku saya domin aikin da ke gabanku, don rayukan mutane amana ce a hannunku.